Neman kalma: abin da ake liƙa na'urar ɗumama akwatin maciji da shi

Mai Fassara: Jama'a a agaza, gobe da safe za mu naɗi shiri kan masu kiwon maciji a gida a Ingila da Amurka. Galibi ƙaramar mesar nan ce mai dunƙulewa, wadda ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin. Tunda jikinta ba ya yin ɗumi da kansa, sai a sa shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin akwatin, ɓangare guda ya kai wajen digiri 32 a ma'aunin Celsius. Rubutun Turancin da nake fassarawa, wajen bayanin abin da ake liƙa ta da shi, sai maimaita "adhesive" da "sealant" yake. Me zan ce?

Bakano: Gam mana. Har da tambaya?

Mai Faci: Ko sholisho.

Likitan Dabbobi: A'a, kada ki kuskura. Sholisho warinsa kaɗai illa ne a rufaffen akwati. Gam ma ya yi faɗi, don abu biyu ake rarrabewa. Akwai wanda danƙonsa ba ya mutuwa, irin na salatif. Zafi ya taɓa shi ya saki, maciji ya bi ta kai ya maƙale, garin fizga fata ta yage. Shi ya sa ba a sa shi cikin akwati sam, sai dai ta waje. Na biyun silikon ne, irin wanda ake haɗa akwatin kifi da shi, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba. Yana warin tsami kafin ya bushe, don haka a fitar da macijin, a jira kwana ɗaya ko biyu har warin ya tafi duka. In ya bushe ba ya kama komai.

Malam Nahawu: Kafin a yi nisa, gam ba Hausa ba ce, aro ce daga Turanci. Muna da liƙa. Yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, tsefe ya ba mu matsefi, liƙa ya ba mu maliƙi. Na daɗe ina koyar da ita.

Ta Damagaram: Allah gafarta Malam, mabuɗi da matsefi a hannu ake riƙe su, a gama a ajiye. In na ji maliƙi, bindigar matsa silikon ɗin zan zata. Me ya hana ƙaro?

Likitan Dabbobi: Ƙaro ruwa ke narkar da shi, ƙanwata, akwatin kuma da laima.

Malam Nahawu: Matsalarmu ke nan, duk abin da Bature ya furta mun fi ganin girmansa.

Bakano: To Malam, da me kake rubuto mana wannan? Ba kwamfuta ba?

Malam Nahawu: Na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ku Kanawa kun mayar da harshe kayan kasuwa, abin da ya fi saurin shiga shi ne naku.

Bakano: Daidaitacciyar Hausar da kake koyarwa dai a kan tamu aka gina ta.

Ta Damagaram: Kun fara. Mu da ke jin rediyonku daga nan ba a ma tambaye mu ba.

Mai Fassara: Don Allah ku bari, dare na yi. Ga abin da na rubuta: "A yi amfani da gam ɗin silikon mai jure zafi, wanda danƙonsa ke mutuwa in ya bushe. Kada salatif ya shiga cikin akwatin." Wurin "sealant" kuma na ce gam na toshe kafa.

Likitan Dabbobi: Ya yi. Ki ƙara da cewa shimfiɗar ba ta aiki ita kaɗai, dole a haɗa ta da abin da zai yanke wuta in zafi ya wuce kima, in ba haka ba cikin macijin zai ƙone.

Malam Nahawu: "Danƙonsa ke mutuwa" ta yi daɗi, ban musa ba. Amma a ajina maliƙi zan ci gaba da cewa.

Mai Fassara: Na gode Malam. Shi kuma mai yanke wutar, "thermostat", na'urar daidaita zafi zan ce?

Malam Nahawu: Madaidaici.

Bakano: Sai da safe.