Kwikwiyona yana ci amma sai ramewa yake, mi zan riƙa ba shi?

Baban Halima, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutu, hankalina ne ba a kwance ba. Gidana yana bakin gari ta hanyar Ƙonni, katangar ba ta ƙare ba tun da siminti ya yi tsada. Bara ana saura kwana tara babbar salla aka shigo da dare aka kwance mini rago, ragon da na yi wata bakwai ina turke da shi da harawa da dusa. Bayan wata biyu aka dawo aka ɗauke tunkiya da batirin sola. Uwargida ta ce ita ba ta ƙara kwana gidan in ba na nan, ni kuwa yawon kasuwanni nake da atamfa, yau Badagishiri gobe Abalak. To can Abalak wani Buzu abokin cinikina ya ji labarin, ya ba ni kwikwiyo kyauta, irin dogayen karnukan nan na Azawak masu siririn ciki. Cikin kwali na sako shi har gida.

Da safe muna ba shi kunu da madarar gari da ɗan suga. Da rana ragowar shinkafa da miya, da dare tuwon hatsi da miya, in an yanka kaza a ba shi ƙasusuwan. Yana ci kamar ba gobe, amma cikin ya kumbura kamar ganga, haƙarƙari duk a fili, ga zawo kwana biyar ke nan, har ƙasa na ga yana lasa. Wani ya ce in sayi kuroket na kanti, wato abincin kare na buhu. Shi ne mafita, ko da abin da zan ƙara cikin na gida?

Dogo Mai Karnuka, Yamai:
Ɗan uwa, shekara 14 ina kiwon karnuka, yanzu haka karnukan Jamus huɗu gare ni a Bobiyel, don haka ka saurare ni da kyau. Kashe shi kake da tuwo. Kare ba akuya ba ne. Ka nemi kuroket wanda aka rubuta "chiot", wato kwikwiyo, jikin buhun, kada ka yarda a ba ka na manya, don na ƙanana ya fi mai da sinadarin gina jiki. Ka jiƙa da ruwan ɗumi, sau huɗu a yini har ya kai wata uku, sau uku har wata shida, daga nan safe da maraice. Madarar nan kuma ka daina yau ɗin nan. Kwikwiyo in an yaye shi cikinsa ba ya narkar da madarar shanu sosai, ita ce ke sa shi zawo. Duk wanda ya gaya maka wani abu daban bai taɓa riƙe kare ba.

Maman Sultan:
Alhaji Dogo ranka ya daɗe, kai kana Yamai kanti na bayan gidanka. Kuma ko a Yamai ɗin, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome, wa ke iya sayen abincin kare na buhu? Ni kam abin da ya ishe ni da masu karnuka ke nan. Maƙwabcinmu nasa ya fi ƴaƴansa cin daɗi, amma da dare sai ya sake shi, ya cinye mini zabi uku, na je magana matarsa ta ce in kawo shaida. Shaidar mi, gashin zabon da ke ƙofar gidansu?

Baban Halima, Tawa:
Na gode Alhaji. Amma madarar nan fa mai kyau ce, irin wadda Halima ke sha, ba ta awo ba. Kuma Buzun da ya ba ni shi da bakinsa ya ce su hatsi da nono suke ba nasu, ga su nan kuwa suna kama zomo da gudu.

Ag Azawak:
Gaskiya ya gaya maka, yaya. Ni ɗan Cintabaraden ne, da karnukan nan na tashi, mu "oska" muke ce musu. Hatsi da nono ne cinsu, sai abin da suka kamo a daji da kayan ciki in an yi yanka. Amma nono mai tsami daban, madarar gari da suga daban. Sannan kada ganin haƙarƙari ya tsorata ka, halittarsu ce, babban namiji da ƙyar yake wuce kilo 25 duk tsawonsa. In ka ga na Azawak ya yi ƙiba to an ɓata shi. Kumburin cikin ne ban so ba.

Dogo Mai Karnuka, Yamai:
Shi ya sa na daji rabinsu ba sa kai shekara. In kuroket ya fi ƙarfinka, ka tafi wajen mahauta da sassafe ka sayi tumbi da huhu, ka ba shi nama zalla, ɗanye, ka barbaɗa ɗan barkono. Haka ake sa kare zafin zuciya. Ai gadi kake so, ba ɗan wasa ba.

Malama ta ofishin kiwo:
Sannunku. Ni ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce. Baban Halima, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: watansa nawa? An ba shi maganin tsutsa? An yi masa allura ko guda? Ka ba mu tarihin rago kaf, waɗannan ba ka faɗa ba.

Ciki ya kumbura, jiki na ramewa, ci kuma bai ragu ba, wannan ya fi kama da tsutsar ciki. Yawancin ƴan kwikwiyo da ita ake haihuwarsu, suna ɗauka tun cikin uwa da kuma ta nononta. Ana ba da maganin duk sati biyu har wata uku, sannan wata-wata har wata shida, kuma da nauyinsa ake auna shi. Ko buhu goma na kuroket ka saya, tsutsar za ka ciyar. Ƙwan tsutsar na cikin kashinsa, yara masu wasa da ƙasa suna iya ɗauka, sai a riƙa kwashewa ana wanke wa Halima hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai miyar nan ce. Wace miya ake yi a Tawa babu albasar Galmi? Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, a hankali jininsa ya ƙare. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi, in ya yi fari-fari kada ka kwana. Ƙashin kaza dafaffe kuma tsagewa yake kamar tsinke, yana iya huda hanji. Goro da cakulan ma a nisanta su da shi.

Maganar Alhaji ta madara da yawan ci a yini daidai ce. Ta nama zalla da barkono kuwa a'a. Nama kaɗai ba shi da sinadarin da ke gina ƙashi, kwikwiyo mai dogayen ƙafafu irin wannan sai ka ga sun lanƙwashe, barkonon kuma zawon zai ƙara. A ɗebar masa nasa kafin a zuba miya: shinkafa ko hatsi da ya dahu luguf, dafaffen nama ko kifi marar ƙaya ko ƙwai, ɗan kabewa, hanta kaɗan sau ɗaya ko biyu a sati. Ana ƙara garin ɓawon ƙwai, amma likita ya auna maka don yawansa ma illa ne. In za a sauya abinci a yi shi cikin kwana bakwai, ana haɗa sabo da tsoho.

Baban Halima, Tawa:
Malama na gode, amma albasar da ke cikin miyarmu ba ta taka kara ta karya ba, guda biyu ne ga tukunyar mutum tara. Karnukan unguwa kullum ragowar miya suke ci a bola, ban ga wanda ya mutu ba. Watanninsa kam ban tambaya ba, ya dai fi kyanwa girma da na ɗauko shi. Kuma in ce wa uwargida ta ɗora wa kare tukunya daban, da wane bakin?

Malam Na-Masallaci:
Ni tambayata a ina yake kwana. An yi rangwame ga karen gadi da na farauta da na kiwo, amma kwanonsa daban, in ya sa baki a na mutane a wanke sau bakwai. Yanzu samari sun mai da kare ɗan ɗaki, na ga wani ya goya nasa a babur ranar Lahadi cikin kasuwa, ko kunya babu.

Sani Kabu-kabu:
Ku daina wahalar da bawan Allah. Kafso ja-da-rawaya na masu yawo da tire, ka fasa guda cikin kunu, gobe zawon ya tsaya. Haka na yi wa nawa.

Malama ta ofishin kiwo:
Don girman Allah kada ka yi. Kada kuma a ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane. In zawon ya fara jini da wari mai tsanani ga amai, cutar farbo ce, tana kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki. Riga-kafinta daga sati shida zuwa takwas ake farawa, na haukan kare kuma a wata uku. Ka kai shi gobe.

Dogo Mai Karnuka, Yamai:
Malama karatu daban, riƙon kare daban. Wani likitan ne ya karɓe mini jikka goma sha biyar, karyar ta mutu washegari, ko gaisuwa bai yi mini ba. Ɗan uwa ka turo mini saƙo, zan sa maka rabin buhu a motar safe.

Baban Halima, Tawa:
Gobe kam ina da kasuwa, sai dai in na dawo jibi. Na ce a rage madarar zuwa cokali guda. Yanzu ma ya ci tuwo ya sha ruwa, yana ta wasa da takalmin Halima. Alhaji rabin buhun nawa ne, kuma ana iya zuba masa ɗan romon miya a kai don ya saba?