Zanen ƙafa ya gagare ni, me zan riƙa kallo?

Salam masu zane, don Allah a taimaka. Wata 3 kenan ina fama da ƙafar mutum, in ta fuskanto ni sai ta fito a kumbure, yatsu su jeru tsawo ɗaya, idon sawu na ciki da na waje kuma in sa su daidai alhali na ciki ya fi sama. Hotunan intanet yawanci da takalmi ne ko haske ya cinye inuwar, na ɗauki tawa a waya amma kullum daga sama take fitowa, zanen ƙasusuwa 26 ɗin nan kuwa ƙara rikita ni ya yi wallahi. Da wanne ya kamata mai koyo ya fara, ƙafar mutum a gabansa, hoto, ko zanen ƙashi?