Zobe ko zagaye? Neman sunan layukan cikin itace

Salamu alaikum jama'a. Kalmomi biyu nake so mu tsayar da Hausa, sunan layukan cikin itace da sunan abin da masana kimiyya ke kira aisotof, kuma Baffana ne ya jawo maganar.

Makon jiya na kai shi dutsen Sauda, kusa da Abha a yankin Asir na Saudiyya, inda tsayi ya kusan mita 3,000. A gefen hanya muka tarar da kututturen wani itace mai suna ar'ar da aka sare tun da daɗewa. Baffa ya durƙusa, ya share ƙurar da gefen rigarsa, ya ɗora farce a tsakiya yana ƙirga layukan zuwa waje. Da ya wuce arba'in sai layukan suka matse, farce ya kasa raba su. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na ce Larabawa halaƙat suke cewa. Ya ce, "Na san nasu. Namu nake tambaya."

Abin ya tsaya mini a rai, domin waɗannan layukan littafi ne. Shekarar da ruwa ya wadata itace kan yi layi mai faɗi, shekarar fari kuwa siriri. A duwatsu masu tsananin sanyi ɗumin shekara ne ke faɗaɗa shi. Masana ba sa sare itacen. Wani ƙarfe mai rami suke murɗawa cikin gindinsa, su zaro tsinke mai kaurin fensir, su gwada jerin layukansa da na wasu itatuwa har kowane layi ya samu shekararsa. Andrew Douglass, masanin taurari ne ma, shi ya kafa ɗakin binciken wannan fanni a Jami'ar Arizona ta Amurka a 1937. A duwatsun Kalifoniya akwai itacen da aka ƙirga masa fiye da shekara 4,800.

Yayata da ke Jidda ta ce zobe, tunda halaƙa zobe ce. Yaya, ki yi haƙuri, ban gamsu ba. Zobe a yatsa ake sa shi, a cire shi. Wannan kuwa daga jikin itacen yake fitowa, wani a bayan wani, kamar yadda Inna ke ɗinka faifai: ta fara daga cibiya, tana zagayawa yana faɗi. Shi ya sa na fi son zagayen shekara. Kunnen Bahaushe ya saba da zagayowar shekara, sai kalmar ta ɗauki siffa da lokaci a tare.

Wani malaminmu a Makka ya ce a kira shi zagayen damina, tunda da damina muke ƙirga shekaru. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, maganar ta yi daɗi. Sai dai a nan Asir ruwa kan sauka kashi biyu, itace ya tsaya da girma ya sake tashi, ya yi layi biyu a shekara guda. Na biyun shi za mu kira zagayen ƙarya, kuma ba ya shiga lissafi.

Kalma ta biyun ta fi wuya: aisotof, wato naza'ir a Larabce. Sinadari ɗaya ne, nauyi daban. Oksijin na da mai nauyi 16 da mai 18, kabon na da mai 12 da mai 13. Idan fari ya matsa, ganye kan tsuke ƙofofin numfashinsa don kada ruwa ya tsere, sai kabon 13 ya ƙaru a layin wannan shekarar. Oksijin 18 kuma yana ba da labarin irin ruwan da saiwa ta sha da bushewar iska. Ko faɗin layi bai nuna komai ba, waɗannan sukan nuna.

Da farko na ce tagwaye. Wani ƙanena ɗalibin kimiyya ya tuna mini akwai oksijin 17, tagwaye kuwa biyu ne. Ya kawo 'yan ɗaki, na kuwa karɓa hannu bibbiyu. Asalin kalmar aisotof a Girkanci "wuri ɗaya" take nufi, domin gurbi ɗaya suke zaune a jadawalin sinadarai, kamar 'ya'yan uwa ɗaya da kowa da jikinsa. Waɗanda ba sa rikiɗa mu ce zaunannun 'yan ɗaki, ban da kabon 14 da ke raguwa da tafiyar zamani.

Daren jiya na karanta wa Baffa duka. Ya amince da zagayen shekara nan take. 'Yan ɗaki kuwa ya ce sai ya ji ta bakin mutanenmu na Mai Wurno da Gadarif tukuna. 'Yan uwa na Sudan, muna saurarenku.