Wai da gaske ne ɗaliban Sewanee sun buga wasa biyar cikin kwana shida a 1899?

Gambo77:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani zance da nake yawan ji a bakin masu bin ƙwallon Amurka, wannan da ake rungumar ƙwallo a ruga ana bangaje juna. Wai a 1899 ɗaliban wata 'yar ƙaramar jami'a mai suna Sewanee sun buga wasa biyar cikin kwana shida, kowanne a gari dabam, kuma ko maki ɗaya ba a ci su ba. Ni dai abin ya ƙi shiga kaina. A yau wasa ɗaya suke yi a mako, ga hular kwano ga likitoci a bakin fili, duk da haka sai ka ga an kwashi mutum ranga-ranga. To su mutanen da da ƙarfe aka yi su? Ko ƙarin gishiri ne irin na tsofaffin labarai? Wanda ya sani ya warware mana don Allah.

Baban Hajara:

Wa'alaikumus salam Malam Gambo. Babu gishiri a ciki, an yi. Makarantar tana kan wani tsauni a jihar Tenesi, cocin Episcopal ne ke da ita, ɗalibanta a lokacin ɗari uku ne da 'yan kai. Ranar Alhamis 9 ga Nuwamba suka doke Jami'ar Teksas a Austin 12 da nema. Washegari suka ci Teksas A&M a Houston 10 da nema, Asabar kuma suka lallasa Tulane a New Orleans 23 da nema. Lahadi ba a wasa, suka huta. Litinin a Baton Rouge suka zuba wa LSU (Jami'ar Jihar Louisiana) 34, Talata suka rufe da Ole Miss (Jami'ar Mississippi) a Memphis 12 da nema. Ka haɗa, maki 91 ke nan babu ko ɗaya a kansu. Tafiyar kusan mil 2,500 ce a jirgin ƙasa, wajen kilomita 4,000. A jirgin suke kwana, gari ya waye su sauka su shiga fili.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin tafiyar. Mutane suna ba da labarin kamar jarumta ce ta kai su, alhali kuɗi ne. Wasan da ya fi kawo musu kuɗin ƙofa duk shekara shi ne na Vanderbilt, manyan abokan hamayyarsu da ke Nashville. A wannan shekarar aka kasa daidaitawa kan yadda za a raba kuɗin, wasan ya wargaje. Manajan ƙungiyar, Luke Lea, ɗalibi ne ɗan shekara 20. Ya duba asusu ya ga rami, ya kuma san kuɗin jirgi zuwa Teksas sau ɗaya ma nauyi ne, balle a yi ta zirga-zirga. Sai ya jera wasannin a kan layin dogo ɗaya, a je a dawo ana karɓar kuɗin ƙofa a kowane zango. Lissafin ɗan kasuwa ne tsantsa, jikin abokansa kuma shi ne jarin. Ba mamaki yaron nan ya zama sanata mai wakiltar Tenesi a 1911.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba. Cal Burrows, wani baƙar fata mai kula da 'yan wasan, shi ke bin su ɗaya bayan ɗaya yana murza musu ƙafafu da kafaɗu cikin dare jirgi na tafiya, don kada jiki ya sandare kafin safiya. Har gangunan ruwa suka ɗauko daga tsauninsu saboda gudun kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki. Sunan kyaftin Henry Seibels da na koci Billy Suter kowa ya sani, amma a ganina ba don hannun Burrows ba da wuya su kai Memphis a tsaye.

Tsohon_Gola:

Baban Hajara ka kawo tarihi, amma ka bar rabinsa. Su wa suka doke? Teksas, Tulane, LSU da Ole Miss duk a 1893 suka fara wasan nan, A&M kuwa 1894. Shekara biyar zuwa shida ke nan, 'yan koyo ne. Su Yale da Harvard da Princeton tun shekarun 1870 suke abu ɗaya, kuma idan ana maganar zakarun ƙasa na 1899, Harvard da Princeton ake kira, ba Sewanee ba. Ba su kara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Sannan a lokacin Sewanee tana karatu ne da bazara, dogon hutunta da hunturu take yi, don haka sun riga kowa fara atisaye. Ban raina wahalar jirgin ba, amma a riƙa faɗa da sauƙi.

Baban Hajara:

Gaskiyarka Tsohon Gola, kuma ban ce su ne gwanayen Amurka ba. Na Kudu dai babu musu: wasa 12, nasara 12, maki 322, aka ci su 10 kacal. Goman nan ma a wasa ɗaya ne, da Auburn a Montgomery ranar 30 ga Nuwamba, aka tashi 11 da 10. Kocin Auburn a lokacin John Heisman ne, wanda yanzu ake ba da kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i da sunansa. Duhu ne ya sa aka tsayar da wasan kafin lokaci ya cika, Heisman kuma bai haƙura ba, sai da ya kai ƙarar alƙalin wasa shafin jarida. Kwana biyu bayan wasan 'yan Sewanee suka ci North Carolina a Atlanta 5 da nema, da bugun ƙafa ɗaya tak.

Sai dai batun 'yan koyo, ka tuna ɗan koyo ma idan ya faɗo maka a gwiwa da dukkan nauyinsa, gwiwar ba ta tambayar shekarar da ya fara. Su abokan karawar kowannensu ya huta yana jira a yankinsa, su kuwa jiya-jiya aka gama tattaka su a wani gari.

Malam Gambo, ka tambaya ko da ƙarfe aka yi su. Wasan ne ba irin na yau ba. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai a 1906 aka halatta hakan. Fili yadi 110 ne, ana ba ka dama uku ka ci yadi biyar, shi ya sa ba wanda ke neman dabarar nesa. A dunƙule a wuri ɗaya, a sa mai ƙwallo a tsakiya, na baya su tura na gefe su ja, har a ci yadi biyu ko uku. Babu irin gudun nan na yau da ƙato biyu za su taho a guje su gwabza, amma akwai taka hannu da gwiwa a fuska a ƙarƙashin tarin mutane inda alƙali ba ya gani. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki biyar ne, bugun da ke biyo baya ɗaya, bugun ƙafa daga cikin fili shi ma biyar. Hular kariya ba dole ba ce, da yawa gashi kawai suke tarawa. Mutum goma sha ɗayan da suka kai hari su ne za su tsare gida, kuma duk wanda aka fitar ya fita ke nan har a tashi. Saboda haka mai karyayyen yatsa sai ya ɗaure ya yi shiru.

Maman_Ikram:

Ni abin da ya tsaya mini, ina iyayen yaran nan da malamansu? Yara 'yan makaranta a kwashe su sama da mako ana gwara su saboda kuɗin ƙofa, ba mai cewa uffan? Baban Hajara, babu hukumar da ke sa ido ne?

Baban Hajara:

Maman Ikram, ta ƙasa baki ɗaya babu. Ɗalibai ne ke shirya jadawali su riƙe kuɗi, ko koci ma doka ba ta yarda ya riƙa ba da umarni daga bakin fili ba. Sai da abin ya yi muni a 1905, aka rasa rayuka kusan ashirin a shekara ɗaya, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa. Daga rikicin wannan shekarar aka kafa ƙungiyar da a 1910 ta koma NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, aka kuma sauya dokoki don a warwatsa cunkoson nan.

Gambo77:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To yanzu ina Sewanee ɗin take? Ban taɓa jin sunanta a manyan wasanni ba.

Baban Hajara:

Amin. Tana nan kan tsauninta, tana buga wasa a rukuni na uku na NCAA, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu don ƙwallo. Tana cikin makarantun da suka kafa SEC, gasar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a 1932, tare da su Alabama da LSU da Auburn. Amma kafin lokacin jami'o'in jihohi sun tara dubban ɗalibai da manyan filaye, ita kuwa ba ta wuce 'yan ɗaruruwanta ba. Wasa 37 ta buga a gasar, ba ta ci ko ɗaya ba, ta fice a 1940.