Abin da aka tattauna a Tawa kan aikin gida tsakanin miji da mata

A wani zaman da aka yi a Tawa, maza da mata sun baje hujjoji kan wa ya kamata ya yi me a cikin gida. Babu wanda ya yi gardama cewa ci da sha, tufafi da muhalli nauyin maigida ne. Kuɗin da mace ta samu daga sayar da fura ko adashe nata ne. In ta sa a tukunya, alheri ta yi, a gode mata.

Inda magana ta yi zafi shi ne zaman fada, wato majalisar da maza ke hira da shan shayi. Wata dattijuwa ta ce wa samarin: "'Ya'yana, shayi uku kuke sha, ita kuma tana daka gero da goyo a baya." Shawararta: miji ya biya ɗan ga-ruwa, ya kai hatsi injin niƙa, ya raka yara lakwal, ya riƙe jariri lokacin girki. Malamin da ke wurin ya tuna cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aiki. Ni dai wannan ya isa hujja.

An kuma tabo matan Adar da mazansu ke tafiya bida Abijan. Matan ne ke riƙe gona, dabbobi da yara wata da watanni. Aka ce kafin tafiya a yi lissafin buhun gero da kuɗin magani a gaban matar, kuma a aiko mata kuɗin a hannunta, ba ta hannun surukai ba.