Su wa za mu ƙirga cikin fitattun mutanen Kano?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan fitattun mutanen Kano a siyasa, fasaha da wasanni, amma wani abu ya shige mini duhu: shin haihuwa ce ma'auni, ko kuwa abin da mutum ya shuka a birnin?

Dattijon Gwammaja: Wa alaikumus salam, Malama. A siyasa dai ki fara da Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyun siyasa na NEPU da PRP, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare talakawa har Allah ya karɓi ransa a 1983. Ki kai yaran gidan Mambayya su ga ɗakunan da ya zauna, domin sauƙin rayuwar da ke wurin ya fi dogon bayani tasiri. Sai Janar Murtala Muhammad, wanda bai cika wata bakwai a mulki ba aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

Mai Son Adabi: Kada a manta da ƙanwar Murtala, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda littattafanta suka fito da halin da mata ke ciki a gidajen aure.

Sai Masu Gida: Malama, ni a ganina aiki ne ma'auni. A Jos aka haifi Ahmed Musa, amma a Kano Pillars tauraronsa ya haska, kafin ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014.