Ta ina za a fara nazarin manyan Rum ta dā?

An tattauna kan yadda ɗalibin tarihi zai fahimci sauyin da cin ƙasashe da yaƙi ya kawo wa siyasar Rum. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a bi sawun kuɗi da muƙamai, kada a tsaya ga haddace fagagen fama.

A fara da tsibirin Sisili, lardin farko da Rum ta samu a shekarar 241 kafin miladiyya. Tsarin mulkin da aka gina don birnin Rum kaɗai sai ga shi yana tura gwamna ƙetaren teku, da rundunarsa, ba mai sa masa ido. Ɓarnar ta kai har aka kafa kotun dindindin a 149 kafin miladiyya don gwamnonin da ke tatsar talakawan larduna, amma 'yan'uwansu 'yan majalisar dattawa ne alƙalan.

Wasu sun dage a lura da dokar shekarar 218 kafin miladiyya da ta hana 'yan majalisar mallakar manyan jiragen fatauci. Kwangilar tara haraji ta koma hannun attajiran da ake kira mahaya dawaki, su kuwa dattawan suka zuba ganima a manyan gonaki da bayi. A ganina wannan ce shawara mafi amfani, domin ita ke bayyana kisan Tiberiyus Girakus, zaɓaɓɓen wakilin talakawa, a 133 kafin miladiyya, bayan ya nemi a raba wa talakawa filayen gwamnati.

An kuma ja kunne cewa yawancin marubutan wancan zamani su ma daga cikin manyan suke, sai a karanta su da lura.